Annoba da Gadon Asibiti: Abin da Ya Sami Masu Gazawar Zuciya a Shekarar 2020



Maganar da aka nemi in yi a yau ta shafi annoba, amma waɗanda annobar ta kama ba su ne abin dubawata ba. Su an ƙidaya su, an yi ta sanar da yawansu a rediyo safe da yamma har kunne ya gaji. Niyyata ita ce in duba wasu mutane dabam, waɗanda ciwonsu ya riga annobar zuwa, watau masu gazawar zuciya, musamman a sa'ad da ciwon ya taso musu gadan-gadan har ya zama babu makawa sai an kwantar da su a asibiti. Zan ɗauki ƙasar Ingila a shekarar 2020 ta zama abin misali, domin asibitocinta suna ajiye lissafin kowane mai gazawar zuciya da aka kwantar, da irin maganin da aka yi masa, da yadda ya ƙare. Inda akwai lissafi irin wannan, ana iya gwada bara da bana a ga abin da ya sauya.

Kafin in shiga cikin maganar, ya kamata mu daidaita a kan abin da likita yake nufi in ya ce zuciya ta gaza, gama mutane da yawa in suka ji haka sai su ɗauka ta tsaya ne cik. Ba ta tsaya ba. Zuciya tsoka ce mai aikin famfo, tana bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti ga babban mutum da yake zaune yana hutawa. In hawan jini ya daɗe yana wahalshe ta, ko jijiyar da take ciyar da ita ta toshe wani sashenta ya mutu, ko ƙofofin cikinta suka lalace, sai ƙarfin turawarta ya ragu, ko kuwa ta yi tauri ta kasa cika yadda ya kamata. Jinin da bai sami wucewa ba sai ya taru a baya, kamar yadda ruwa yake taruwa a bayan kwalbatin da ta cushe. Ƙoda kuma, da ta ji jinin da yake iso mata ya ragu, sai ta zaci jiki ya bushe, ta riƙe gishiri da ruwa, ta ƙara wa zuciyar da ta riga ta gaji kaya. Ruwan nan shi ne yake kumbura ƙafa da ciki, shi ne kuma yake tsattsafowa cikin huhu.

Mai irin wannan ciwo yana iya yin watanni yana harkokinsa in yana shan magani. Amma rana ɗaya, saboda mura, ko cin gishiri, ko yankewar magani, ko rikicewar bugun zuciya, sai ruwa ya rinjaye shi. Da fari zai ga takalminsa ya matse shi, ya ƙara nauyin kilo 2 cikin kwana 3. Sa'an nan ya kasa kwanciya sai ya tara matasan kai. Daga bisani ya farka tsakar dare yana haki kamar wanda ake dannawa cikin ruwa. Wannan shi ne tasowar ciwon, kuma abin da ake yi masa a asibiti sananne ne: a zaunar da shi, a ba shi iskar oksijin in ta yi ƙasa a jininsa, a yi masa allurar furosemaid ta jijiya, wadda aka fi sani da Lasix, domin ya fitsarar da ruwan, a auna jininsa kullum don kada ƙoda ta taɓu, a nemi abin da ya tayar da ciwon, kana a daidaita masa magungunan da za su riƙe shi bayan an sallame shi. Abin lura a nan shi ne lokaci. Wanda ya zo da kumburin idon sawu, sau da yawa ƙarin ƙwaya yake bukata kawai. Wanda ya jira har ruwa ya kai cinya da ciki, hanjinsa ma ya kumbura, ƙwayar da yake haɗiya ba ta shiga jininsa sosai, sai ya yi mako ɗaya ko biyu a kan gado, kuma ba lalle ne ya tashi ba.

To, yanzu mu koma ga watan Maris na 2020. Ranar 11 ga watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar korona ta zama annobar da ta game duniya. Mutanen Ingila sun riga sun ga hotunan asibitocin arewacin Italiya, inda gadaje suka ƙare. Ranar 17 ga watan shugaban hukumar asibitocin gwamnati na Ingila, Simon Stevens, ya aika wa asibitoci takarda cewa a samar da gadaje 30,000 daga cikin kimanin 100,000 da ake da su, a sallami duk wanda zai iya komawa gida, a kuma ɗage ayyukan tiyata da ba na gaggawa ba daga 15 ga Afrilu har aƙalla wata uku. Ranar 23 ga watan Firayim Minista Boris Johnson ya sa dokar kulle. Kiran da gwamnati ta yi ta maimaitawa shi ne a zauna a gida, a kare asibitoci, a ceci rayuka. Masu ciwon zuciya kuwa an ambace su cikin waɗanda aka gargaɗa su ƙara nesanta kansu da mutane.

Likitoci sun shirya wa ambaliya, kuma ta masu korona ta zo. Amma a sashen masu ciwon zuciya abin da aka gani shi ne gadaje wayam. A watan Afrilu na 2020 waɗanda suka je sashen gaggawa na asibitocin Ingila ba su kai miliyan ɗaya ba, alhali a Afrilun 2019 sun haura miliyan biyu. Masu gazawar zuciya da aka kwantar sun ragu da kusan rabi. Haka aka gani a Italiya da Amurka, a ƙasar Denmak kuma raguwar ta kai wajen kashi 30 cikin 100 a makonnin farko na kulle. Likitocin zuciya suka shiga tambayar juna: ina marasa lafiyarmu suka shiga?

An kawo amsoshi masu daɗin ji, kuma bai kamata a yi watsi da su duka ba. An ce mutum in yana gida yana hutawa, ba ya cin abincin kanti mai yawan gishiri, iyalinsa suna tuna masa da magani, hayaƙin motoci ya ragu, murar da takan tayar da ciwon ita ma ta yi sauƙi tun da ba a cuɗanya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Denmak, alal misali, ba a ga ƙaruwar mutuwa a tsakanin masu gazawar zuciya ba cikin waɗancan makonni na farko. Sai dai in da sauƙi ne ya hana mutane zuwa, da waɗanda suka zo sun yi kama da waɗanda suka saba zuwa, kuma da mace-mace a gida ba su ƙaru ba. Duka biyu ba haka aka samu a Ingila ba.

Likitocin asibitin King's College da ke kudancin Landan sun gwada waɗanda aka kwantar daga 2 ga Maris zuwa 19 ga Afrilu na 2020 da na shekarun baya. Sun tarar 'yan kaɗan ɗin da suka zo sun fi jigata. Waɗanda numfashi yake gagararsu da ɗan motsi kaɗan ko ma suna zaune sun kai kashi 96 cikin 100, a da kuwa kashi 77 ne. Masu kumburi mai tsanani sun kai kashi 39, a da kashi 14. Wannan alama ce ta wanda ya daɗe yana daurewa a ɗaki. Da aka faɗaɗa binciken har zuwa watan Yuni, sai aka ga mutuwa a gadon asibiti ma ta fi ta 2019 yawa.

Hujja ta biyu ta fi wannan nauyi. Masana a Jami'ar Leeds sun bi takardun shaidar mutuwa na Ingila da Wales daga 2 ga Maris zuwa 30 ga Yuni, suka ware waɗanda ciwon zuciya ko na jijiyoyin jini ya kashe farat ɗaya. Sun sami ƙarin mutum 2,085 a kan abin da aka saba, watau kashi 8 cikin 100. Amma inda aka mutu shi ne abin dubawa. A asibiti kusan babu ƙari. A gidajen mutane ƙarin ya kai kashi 35 cikin 100, a gidajen kula da tsofaffi kashi 32. Kuma cikin waɗannan mamata duka, kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai aka rubuta korona a takardarsu. Ashe ciwon bai tafi ko'ina ba. Wurin mutuwa ne ya sauya.

Me ya zaunar da su? Tsoro na farko, kuma tsoro ne mai dalili, gama bincike a Amurka ya nuna cewa cikin masu gazawar zuciya da aka kwantar da korona a 2020, kusan ɗaya cikin huɗu bai fito da rai ba. Tsoho ya san in ya shiga ba za a bar matarsa ko 'yarsa ta ziyarce shi ba, ya kuma ji labarin waɗanda suka cika babu kowa nasu a kusa. Bayan tsoro akwai kara. An gaya wa mutane asibiti ya cika, a kare shi, sai mai kunya ya ga kamar son kai ne ya kira motar asibiti a kan kumburin ƙafa. A ganina kiran nan na gwamnati ya yi aikin da aka so da shi, har ya wuce gona da iri, domin waɗanda suka fi saurin yi masa biyayya su ne tsofaffi masu ladabi, su ne kuma suka fi kowa bukatar asibitin. Hukumomin lafiya sun farga da wuri, har a ƙarshen Afrilu suka fara shelar cewa asibitoci a buɗe suke, duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ya zo. Amma cusa tsoro ya fi cire shi sauƙi, kuma da aka sake kulle a ƙarshen shekarar, an sake ganin raguwar.

Yanzu bari mu bi wanda ya daure ya zo, mu ga abin da ya tarar a bakin ƙofa. Alamar korona mai tsanani ita ce haki, da tari, da ƙarancin oksijin. Alamar ruwa a huhu ita ma ke nan. In likita ya sa abin sauraro a bayan mutum, ƙarar da zai ji a gindin huhu kusan iri ɗaya ce, hoton ƙirji ma yakan nuna farin hazo a ɓangarori biyu a dukansu. A farkon annobar sakamakon gwajin korona yakan ɗauki kwana ɗaya ko biyu, saboda haka duk mai haki sai a ajiye shi a ɓangaren waɗanda ake zargi. Illar wannan iri biyu ce. Wanda ba ya ɗauke da cutar yana iya ɗaukarta daga maƙwabcin gadonsa. Sa'an nan maganin cututtukan biyu yana iya karo da juna: mai zazzaɓin da ya bushe ƙarin ruwa yake bukata, mai gazawar zuciya kuwa ledar ruwa guda tana iya shaƙe shi. Akwai gwajin jini da yake taimakawa wajen rarrabewa, wanda yake auna wani sinadari da zuciya take fitarwa in ta miƙe da yawa, amma korona kanta tana taɓa zuciya ta ɗaga shi. Ga kuma wanda yake da duka biyun a lokaci guda.

Babban abin da yake warware shakka shi ne hoton zuciya da ake ɗauka da sauti, wanda ma'aikatan asibiti suke kira eko. Shi yake nuna ko tsokar ce ta raunana ko ƙofa ce ta lalace, kuma a kansa ake zaɓen magani. To, mai ɗaukar wannan hoto sai ya zauna dab da mara lafiya, fuska kusa da fuska, na tsawon rabin sa'a ko fiye, bayan haka a wanke na'urar kafin a kai ta ga wani. Don haka ƙungiyoyin likitoci suka ba da shawara a taƙaita shi ga wanda sakamakon zai sauya masa magani nan take. Haka kuma takunkumin nan mai tura iska da ƙarfi cikin huhu, wanda yake ceton mai ruwa a huhu cikin mintoci, an lissafta shi cikin abubuwan da suke watsa ƙwayar cuta a iska, ba a sa wa mutum shi sai a keɓantaccen ɗaki, ma'aikata sun rufe jikinsu ruf. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujja. Amma in aka tara su, jinkiri ne a kan jinkiri, ga mutumin da ya riga ya makara tun daga gida.

Akwai kuma maganar wanda yake duba shi. Lissafin da Ingila take tarawa shekara da shekaru ya nuna abu guda ba ya sauyawa: mai gazawar zuciya da aka kwantar a sashen zuciya, ko ƙwararren likitan zuciya ya duba shi, ya fi wanda aka bari a ɗakin kowa da kowa samun tsira, a asibiti da bayan sallama. A lokacin annoba an mai da ɗakunan zuciya da yawa na masu korona, an kwashi nas-nas da suka ƙware a wannan ciwo an kai su sashen kulawa ta musamman, wasu kuma suna gida a killace. Gaskiya ne ba ko'ina abin ya lalace ba. A asibitin King's College da na ambata, binciken farko bai ga bambanci ba wajen ɗakin da aka kwantar da mutane ko magungunan da aka ba su. Wannan yana nuna cewa inda aka ƙi tarwatsa ƙungiyar masu kula da zuciya, aikin yana iya tsayawa da ƙafarsa ko a tsakiyar annoba.

Ba zan wuce ban taɓo wata jita-jita ba, domin ta fito ne daga bakin masana. Ƙwayar korona tana shiga jikin mutum ta wata kafa da ake kira ACE2. Magungunan da suka fi kowanne amfani ga masu gazawar zuciya da hawan jini, irin su lisinofiril da losatan, suna aiki ne a kan tsarin da wannan kafa take cikinsa. A watan Maris wasu masana suka rubuta wasiƙa a wata mujallar likitoci suna zaton ko magungunan suna ƙara buɗe wa cutar hanya. Zato ne kawai, ba a gwada a kan kowa ba, amma kafin kwana biyu ya zagaya duniya ta wayar hannu. Ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta fito ranar 13 ga Maris, ta Amurka ranar 17, suna roƙon kada kowa ya daina shan maganinsa. Daga baya aka yi gwaji sosai a Barazil a kan mutum 659 masu korona, aka dakatar wa rabi maganin, rabi suka ci gaba, ba a ga wata riba ga dakatarwar ba. Mai raunin zuciya kuwa in ya ajiye wannan magani, ciwonsa yana iya tasowa cikin 'yan makonni.

Bayan sallama ma da sauran aiki. Ƙa'ida ita ce a ga mutum cikin mako biyu, a auna jininsa, a riƙa ƙara masa magani kaɗan-kaɗan har ya kai mizani. Da aka rufe ɗakunan ganin likita sai aka koma wayar tarho. Waya tana da amfani ga wanda yake da sikeli da abin awon hawan jini a gida, amma ba ta ganin jijiyar wuya da ta cika, ba ta danna ƙafa, ba ta ɗibar jini, likita kuwa ba zai ƙara maganin da yake iya taɓa ƙoda ba in bai ga awo ba. Duk da haka wani abu mai amfani ya fito daga wannan matsi. Asibitoci da dama sun faɗaɗa tsarin da mutum zai zo da safe a yi masa allurar fitar da ruwa ya koma gida da yamma, ko nas ta bi shi har gida, kuma bayan annobar hukumar asibitocin Ingila ta mai da jinyar gida ƙarƙashin kulawar asibiti wani sashe na aikinta, har da masu gazawar zuciya a ciki.

Wani zai ce wannan labarin Turai ne. Amma a nan Kano mun ga namu a watan Afrilun 2020, sa'ad da masu haƙa kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. An tabbatar da mutum na farko mai korona a jihar ranar 11 ga watan, aka sa kulle bayan 'yan kwanaki, jaridu kuma suka yi ta kawo rahoton asibitoci masu zaman kansu da suka rufe, da marasa lafiya da aka mayar daga bakin ƙofa saboda ma'aikata ba su da kayan kariya. Mai gazawar zuciya a ƙasarmu ya bambanta da na Ingila. Binciken da aka yi a ƙasashen Afirka tara, aka buga a 2012, ya nuna shekarunsa a tsakaice wajen 52 ne, kuma hawan jini ne babban sanadi. Ga kuma gazawar zuciya ta masu jego, wadda likitoci a Zariya suka yi nazari a kanta tun shekarun 1970, wadda kuma ta yawaita a ƙasar Hausa ƙwarai. Magidanci ne, ko uwa mai goyo, kuma alamar da za ta kai su asibiti ita ce haki, watau alamar da kowa yake gudu a wancan lokaci.

A watan Yuni na shekarar Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana sakamakon binciken da aka yi. An ƙidaya mamata 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni da kewaye, a lokacin da abin ya tsananta ana binne kimanin 43 a rana, alhali an saba da 11. Kwamitin ya danganta kashi 50 zuwa 60 cikin 100 da korona, a jikin mutanen da galibinsu suna da wani ciwo tun da. Sauran kashi 40 zuwa 50 ɗin ba a ɗora wa korona ba, kuma cikin mamatan duka, kashi 56 cikin 100 a gida suka cika.